AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tsadar Karatu Jiya Da Yau, Wa Ke Biya?

  Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Horo Birni, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, daga wani magidanci manomi, wanda kan taɓa fataucin albasa da rani tsakanin Shagari da Boɗinga. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ɗana ya sami gurbin karatu a jami'a cikin Sakkwato, ƙanwarsa kuma tana ajin ƙarshe na sakandare, ita ma tana son ta wuce gaba. Tun da takardar nan ta zo, gidana bai rabu da gardama ba. Yayana, wanda ya yi kwalejin horon malamai zamanin Gawon, ya ce shi ko anini mahaifinmu bai kashe masa ba, har kuɗin mota ake ba shi in an yi hutu, don haka yaran yanzu ɓarna ce ta yi musu yawa, daga waya sai kati sai kwalliya. Yaron kuma ya ce manya ne suka cinye daɗin ƙasa, suka bar musu kwano wayam. Ina so ku raba mana gardama. Shin karatu ya fi sauƙi a da, ko kuwa daɗin baki ne? Na biyu, ina da 'yar fadama da na gada, an taya. In sayar in biya wa yaro, ko in haƙura?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sa wa yaran albarka. Tambayarka ba taka ba ce kai kaɗai, domin irin gardamar da ake yi ke nan a zauruka da yawa daga Sakkwato har Maraɗi. Amsarmu a taƙaice ita ce, karatu bai taɓa zama kyauta ba, ko jiya ko yau. Abin da ya canza shi ne wanda ke biya, da kuma yawan masu shiga. Bari mu bi zancen daki-daki.

YAYANKA BAI YI ƘARYA BA

Da farko dai, abin da yayanka ya faɗa gaskiya ne. Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga shi nan a ƙofar gidanku. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari cikin 1925, ya yi elemantare a Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato a 1936, daga nan ya tafi Kwalejin Kaduna a 1941, ya fito ya kama aikin malanta. A wancan zamani En'e da gwamnati su ne ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar ɗan makarantar kwana, abinci da tufafi da littattafai. Hasali ma ba iyaye ke neman makaranta ba, makaranta ce ke neman yara. Sau da yawa sai hakimi ya sa dagaci ya kawo yara, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su ƙauyen kakanni.

Zamanin yayanka kuwa abin ya ƙara faɗi, saboda kuɗin man fetur ya shigo. An buɗe kwalejojin horon malamai da yawa domin shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fara a 1976, ana ciyar da ɗalibai, ana kuma ba su ɗan alawus. A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙara jami'o'i bakwai, cikinsu har da ta Sakkwato, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1977, aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A cikin waɗannan shekaru ne aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ɗalibi yana da gadonsa, yana zuwa ɗakin cin abinci da tikiti sau uku a yini. In ya gama kuwa, aiki ne ke jiransa.

Don ka gane yadda abin yake, a cikin watan Afrilu na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abinci da na ɗakin kwana a jami'o'i. Ko bayan ƙarin, abincin yini guda bai wuce Naira 2 ba. Amma duk da haka ɗalibai suka yi bore a ƙasa baki ɗaya, suna neman a cire Kanar Ahmadu Ali, mai kula da ma'aikatar ilmi a lokacin, har aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Ka ji irin gatan da aka saba da shi.

AMMA WA YA BIYA?

To sai dai akwai wata tambaya da ya kamata ka yi wa yayanka cikin ladabi. Shinkafar nan da ya ci a kwaleji, daga sama ta faɗo? A'a. Zamanin En'e, baitulmali da haraji da jangali ake cika shi. Wato mahaifinku, da ya ce bai kashe ko anini ba, ya biya, sai dai ba a hannun hedimasta ya biya ba, a hannun dagaci ya biya. Bafulatanin da aka ƙirga wa shanu ya biya. Mai noman gyaɗa da mai noman auduga sun biya, domin hukumar cinikin amfanin gona takan saya a hannunsu da farashin da ta yanka, ta sayar a Turai da riba, kuma da irin wannan rara aka yi ayyuka da dama a tsohuwar Jihar Arewa. Bayan haka man fetur ya karɓi ɗawainiyar.

Ashe ke nan gari guda ne ke haɗuwa ya biya wa yaro ɗaya ko biyu. Ka tuna da sa'o'in yayanka a Horo Birni da Kajiji da Dandin Mahe. Su nawa ne suka ga ƙofar kwaleji? Mata nawa ne a cikinsu? Kai kanka da kake rubuto mana, kana gona lokacin da shi yake aji. A 1962 jami'o'i biyar ne kacal a Nijeriya, ɗaya tak a duk faɗin Arewa, wato ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Har zuwa 1980 ɗaliban jami'o'in ƙasar nan duka ba su kai dubu ɗari ba. Yau jami'o'in sun haura 270, kuma a 2025 yara kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB a shekara guda. Ƙidayar 1963 ta ce mu miliyan 55 ne da 'yan kai, yanzu mun haura miliyan 200. Tukunyar da ta ƙosar da mutum goma, in mutum ɗari biyu suka kewaye ta, kowa sai ya zo da ɗan garinsa.

Kada kuma mu manta, zamanin da ake yabo bai yi wa manomi daɗi duka ba. Dattawa suna tune da farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutane suka watsu cin rani. Ɗan kwaleji yana cin nama, ƙaninsa a ƙauye yana neman dusa.

INDA KIƊA YA CANZA

Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980. A cikin Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, aka shiga zamanin layin sayen madara da sabulu da shinkafa. A tsakiyar shekarun nan ne aka daina ciyar da ɗaliban jami'a da rangwame, kowa ya koma neman tukunyarsa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka karya darajar Naira, aka kuma rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Tun daga lokacin nauyin ɗalibi ya fara sauka daga kan gwamnati yana hawa kan uba.

Har gobe gwamnatin tarayya cewa take ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'inta. Amma akwai kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na asibiti, da na ɗakin gwaje-gwaje, da na ɗakin kwana, kuma in ka haɗa su, sunan ne kawai ya bambanta. Alal misali, a 2021 Jami'ar Jihar Kaduna ta ɗaga kuɗinta daga Naira dubu ashirin da 'yan kai zuwa Naira 150,000, kafin a rage shi zuwa 105,000 a 2023. A 2023 ɗin nan kuma Jami'ar Bayero ta Kano ta yi nata ƙarin, har gwamnatin Jihar Kano ta ware Naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar. In ka raba, Naira 100,000 ke nan a kan kowane ɗalibi.

A AUNA DA MUDU ƊAYA

Yanzu bari mu zo kan tsadar rayuwa, domin nan ne yaronka yake da gaskiya. Kuskuren da ake yi shi ne a ce "da da Naira ɗaya sai ka yi kaza." Naira ta jiya da ta yau suna ne kawai ya haɗa su. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a auna hatsi da mudu biyu. Abin dubawa shi ne, wahalar wata guda me take saye?

A 1981, zamanin Shagari, aka yanka mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata. A lokacin Naira ta fi Dalar Amurka daraja, wannan kuɗi ya kai kimanin Dala 200. A 1982 litar fetur kwabo 20 ce, wato sule biyu. Ke nan albashin masinja na wata guda zai sayi lita 625. A cikin Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. A ido kuɗi ne mai yawa, amma bai kai Dala 50 ba a canjin lokacin. Kafin ƙarshen wannan shekara litar fetur ta kai Naira 1,000 a wurare da dama, bayan cire tallafin mai da aka yi a ƙarshen Mayun 2023. Ka ga albashin wata ya koma lita 70. Daga 625 zuwa 70. Fetur kuwa shi ne kuɗin motar da yaro zai shiga daga Shagari zuwa Sakkwato, shi ne injin ban ruwanka a fadama, shi ne kuɗin niƙa, shi ne dakon albasa zuwa Kudu. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, abin da aka yi kusan shekara talatin ba a gani ba.

Manomi kuwa ba albashi yake ɗauka ba, don haka mudunsa daban ne. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, wanda ke da shi a rumbu ya ji daɗi, mai saye ya sha wuya. A 2025 farashin ya faɗo, amma taki da maganin feshi ba su biyo shi ƙasa yadda ya kamata ba. Kuɗin makaranta kuwa ba ruwansa da kaka ta yi kyau ko ba ta yi ba. Saboda haka shawararmu ta farko ita ce, ka daina lissafin karatun yaron nan da Naira. Ka lissafa shi da buhu. Buhun gero nawa, buhun albasa nawa, rago nawa zai ci a shekara? In ka san wannan, ka san ko gonarka za ta iya ɗauka.

BABBAN KAYA BA RAJISTA BA NE

Iyaye da yawa sukan tara kuɗin rajista, su biya, su ce alhamdu lillahi an gama. Alhali yanzu aka fara. Rajista sau ɗaya ce a shekara, ciki kuwa kullum ne. Gadajen kwana na cikin makaranta ba sa isar ɗalibai, da yawa sai sun kama haya a waje. Ga kuɗin mota, ga takardun darasi da ake bugawa, ga sabulu, ga magani in zazzaɓi ya zo. A shekarar ƙarshe ga kuɗin aikin bincike. In aka haɗa waɗannan, a jami'ar gwamnati sukan fi kuɗin rajista nesa ba kusa ba. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da gwamnati ta ɗauke wa yayanka.

Batun waya da yayanka ya kawo, a nan sai a yi wa yaro adalci. Yau da intanet ake cika takardar JAMB, da kwamfuta ake rubuta jarrabawar, ta nan ake rajistar darussa, ake duba sakamako, malamai ma ta waya suke aiko da sanarwa. Wayar ɗalibi ta zama kamar fartanyar manomi. Sai dai fartanya daban, takobin ado daban. Wayar da za ta yi aikin karatu ba sai ta kai kuɗin ɗan maraƙi ba.

Akwai kuma wata tsada da ba a rubuta ta a kan rasit, wato lokaci. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata tara. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku. Wanda ya shiga da niyyar shekara huɗu sai ya yi biyar ko shida, kuɗin haya yana tafiya, shekaru suna tafiya. Don haka in kana lissafi, ka ƙara shekara guda a kai don ko-ta-kwana. Daɗin daɗawa, aikin da ke jiran yayanka a bakin ƙofa ba ya jiran ɗanka. Bayan hidimar ƙasa, wadda alawus ɗinta ya koma Naira 77,000 a 2025, yawanci sai yaro ya nemi abin yi da kansa.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada ka ɗauka a Nijeriya kaɗai ake wannan gardama. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irinta. Ran 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban Yamai suka fito nuna ƙin amincewa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatunsu, aka harbe wasu a kan gadar Kennedy. A Ingila ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin jami'a har 1998, lokacin da aka sa Fam 1,000 a shekara, a 2012 ya kai Fam 9,000. A Amurka bashin da ke kan waɗanda suka yi karatu ya haura Dala tiriliyan ɗaya da rabi, akwai masu furfura da ba su gama biya ba. Can ma tsofaffi suna cewa yara ba su iya tattali ba, yara suna cewa tsofaffi sun hau sun janye tsani.

TO, BATUN FADAMA

Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma tun da ka nemi shawara, ga ta: kada ka sayar. Dalili kuwa, kuɗin karatu ba biya ɗaya ba ne, biya ne na shekara huɗu ko biyar, ga kuma ƙanwarsa tana tafe. Fadama tana haihuwa kowace shekara, kuɗin fadama kuwa ba ya haihuwa. In ka sayar yau ka riƙe kuɗin, tsadar kaya za ta cinye rabinsa kafin yaro ya kai aji uku, ka wayi gari ba gona ba kuɗi. Kuma fadamar da ka sayar bana, ba za ka iya sayenta da wannan kuɗi baɗi ba. Wanda ya yanka saniyar tatsa ya ci nama kwana uku, ya rasa nono har abada. In ma matsi ya kai matsi, gara ka ba da aron wani yanki na shekara ɗaya ko biyu, a gaban shaidu, a rubuce. Jingina ma a yi hattara da ita, gonaki da yawa ta nan suka bar gidajensu.

Maimakon sayarwa, ga hanyoyin da za ka haɗa.

Na ɗaya, ka ware wa karatun nan kadadarsa. Ka ce albasar wannan gefe ta makaranta ce, ba ta biki ba ce, ba ta suna ba ce. Kai ka fi mu sanin cewa albasa ba ta da daraja lokacin da kowa ke cirewa, sai bayan wata huɗu ko biyar take yin kuɗi. In ka iya gyara wurin ajiya mai iska ka jinkirta sayar da wani kashi, bambancin farashin kaɗai zai iya ɗaukar rajista. Haka nan rago biyu ko uku da aka turke don Babbar Salla, ko jajayen awakin nan namu da uwar yara za ta kula da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kusanci arziki ne. Ka gode wa Allah da yaron ya sami Sakkwato, ba Maiduguri ko Legas ba. Hanyar da ta bi ta Boɗinga ta shiga birni ba ta da nisa. Gero da wake da kuka da daddawa da man gyaɗa su riƙa tafiya daga gida. Abin da ka noma da hannunka ka aika ya fi rahusa a kan kuɗin da za ka aika ya saya a birni. A cikin Sakkwato akwai Jami'ar Ɗanfodiyo, akwai Jami'ar Jiha, akwai Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwai makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya. Ba dole kowa ya bi ƙofa ɗaya ba.

Na uku, a nemi haƙƙi. Jihar Sakkwato tana da hukumar ba da tallafin karatu, kuma gwamnatocin jihar a shekaru daban-daban sun sha biya wa 'yan asalin jihar kuɗin rajista. Yaro ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ya sa kunne ga sanarwa, ya cika takarda a kan lokaci. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ga marayu da masu ƙaramin ƙarfi. In 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a, kafin a karɓi atamfa da taliya, a tambaye su ɗalibi nawa suka ɗauki nauyinsa a mazaɓar Horo Birni.

Na huɗu, akwai rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda hukumar NELFUND ke bayarwa. An sa hannu a kan dokarsa a 2023, aka sake gyara ta a Afrilun 2024, aka fara karɓar takardu a watan Mayu na wannan shekara. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Babu kuɗin ruwa a kansa, wannan ya kwantar da hankalin iyaye da yawa. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, kuma an fara da ba ɗalibin da ya nema Naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Yaro zai buƙaci lambar katin ɗan ƙasa, da lambar banki, da ta JAMB. Amma abu biyu za mu ja kunne a kai. Naira 20,000 in ka raba ta kwana talatin ba ta kai Naira 700 a yini ba, don haka taimako ce, ba ta ɗauke maka aika hatsi ba. Sa'an nan bashi bashi ne, ko na gwamnati ne. An taɓa kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, ta durƙushe, kuma rashin biya yana cikin abin da ya kashe ta. Wanda ya ci ya ƙi biya, ƙannensa ya zalunta.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A da gari guda ke biya wa yaro ɗaya ta hanyar haraji, ba tare da an tambaye su ba. Me zai hana dangi su yi haka yau da yardarsu? In kaka ta yi, kowane magidanci a zuri'a ya ajiye dami ɗaya ko tiya kaza a rumbun karatu, a sa amintacce ya riƙe, a rubuta. Yadda ake gayyar noma da adashin biki, haka za a iya yin na makaranta.

KALMA GA YAYANKA DA ƊANKA

Ga yayanka, muna gaishe shi da girmamawa, muna kuma cewa: Baba, gatan da ka samu bashi ne. Harajin mahaifinku da guminsa, da gumin ƙaninka da ya tsaya gona, suna cikin takardar shaidarka. Hanyar biya ita ce ka sa hannu a karatun wannan yaro, ko da kuɗin mota ne daga cikin fansho, ko da zama da shi ne kana duba sakamakonsa, tun da kai ka san kan takarda.

Ga yaron kuma muna cewa: samari, gaskiyarka ce rayuwa ta fi tsada a kanka, lissafi ya nuna. Amma ka tuna, a zamanin da kake ganin an ci daɗi, mai yiwuwa da ko ƙofar sakandare ba ka gani ba, balle ƙanwarka. Ka riƙe littafin kashe kuɗi, ka nuna wa mahaifinka duk ƙarshen zango. In an yi hutu ko yajin aiki ka dawo fadama, kada ka zauna bakin titi kana latsa waya. Ka koyi wata sana'a tare da karatun, ɗinki ko gyaran waya ko gyaran injin ban ruwa ko haɗa wutar sola. Digiri da sana'a ba kishiyoyi ba ne.

Yarinyar kuma, Malam, kada a ce kuɗi sun ƙare a kan namiji. Ku mutanen ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna ne yana karantarwa, a Sifawa, nan kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Yau asibitocin karkara suna kukan rashin ungozoma da malaman jinya mata, makarantun 'yan mata suna neman malamai mata. Tun yanzu a turke mata tata tunkiyar.

Jama'a, da haka muka kawo ƙarshen shirin wannan mako. Masu tambaya a kan farashin taki da rancen noma, wasiƙunku sun iso, za mu waiwaye su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a taƙaita, a kuma rubuta sunan gari da kyau. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuri'a.